Igiyar Auta

Kafin a gina gada, duk mai son ƙetare kogin nan sai ya bi ta hannun Mai Fito. Yanzu shekarunsa saba'in da takwas, sana'ar fito kuwa ta daɗe da mutuwa, amma sunan ya ƙi barinsa. In ka gangara ƙarƙashin gadar da hantsi za ka tarar da shi zaune a kan wani tsohon kwalekwale da aka kife, ya maƙale bakin igiya a babban yatsan ƙafarsa yana tufka, motoci na wucewa ta saman kansa. In ya kai ƙarshe sai ya zaro wata 'yar wuƙa mai ƙotar ƙaho, wadda ba ta rabuwa da ƙugunsa tun yana saurayi, ya datse. Masu awaki da masu rijiya da matan da ke neman abin shanya duk igiyarsa suke so, don an ce tasa sai dai ta tsufa, ba ta tsinkewa. Ba shi da yawan magana. In ka yi tayin da bai yi masa ba, ba zai ce maka uffan ba, sai ya ci gaba da murza zarensa a cinya har ka gaji ka ƙara.

Amma ba don igiya garin ya san shi ba. An san shi ne a kan cewa shi ya tsamo Shugaban Ƙasa daga ruwa, tun Shugaban yana ɗan makaranta mai shekara goma sha tara, ba shi da komai a duniya sai akwatin ƙarfe da dogon wuya.

Wannan suna kuwa kaya ne mai nauyi, don ɗan Adam ba a iya masa. A shekarun da mutumin yake kan mulki, ran da aka kawo wutar lantarki unguwar bakin kogi, saura ƙiris samari su ɗaga Mai Fito a kafaɗa. Ran da kuɗin mota ya tashi kuwa, su ɗin dai suka riƙa leƙo kai daga kan gada suna cewa, "Baba, da ka sani ai da ka bar wa kifaye abinsu." Shi dai ba ya tanka wa kowa, da mai yabo da mai tsiya. Mutane suka ɗauka kawaici ne, alhali ba shi ba ne. Akwai wata magana a cikinsa game da ranar nan wadda bai taɓa faɗa wa kowa ba, har matarsa ta koma ga Allah ba ta ji ta ba. Saboda ita ya yi shekara arba'in da takwas yana gudun haɗa ido da mutumin da ya ceta.

Wanda ya fi kowa sosa masa wurin shi ne tsohon Hedimasta, abokinsa tun na ƙuruciya, wanda da ya yi ritaya ya rasa 'yan aji sai ya mai da Mai Fito ajinsa. Kullum da yamma zai gangaro da 'yar kujerarsa ta ninkewa da jaridar shekaranjiya, ya zauna ya buɗe darasi.

"Ka taɓa zama ka yi tunani kuwa," in ji Hedimasta, "da a ce ran nan ka makara da numfashi ɗaya? Mutumin nan ya nutse ke nan. To, wa zai hau kujerar? Babban ɗan siyasar nan ne mai gilashi, wanda ko gaisuwa zai yi sai ya daki tebur. Shi kuwa da ya hau, shekarar rikici da an gwabza. Da an gwabza, gadar nan za a fara tarwatsawa. Makarantata da ta zama barikin soja. Ni kaina da yanzu ina wata ƙasa ina layin karɓar bargo."

"Da mun huta da surutu," in ji Mai Fito.

"Ina maganar tarihi kana maganar surutu. Tarihin ƙasa guda ya rataya a wuyan hannunka, kai kuwa ko a jikinka."

Mai Fito ya dubi wuyan hannunsa na dama, inda wani tsohon tabo ya zagaye shi kamar awarwaro, ya ja hannun riga ya rufe. Hedimasta ya iya darasin "da a ce", ba musu, amma kullum sai ya mance da mutum ɗaya a ciki. Da Mai Akwati ya nutse, wataƙila da Auta yana nan zaune a kan kwalekwalen nan, da furfurarsa, yana ba mutane dariya. Mai Akwati shi ne sunan da yake kiran Shugaban a zuciyarsa. Auta kuwa ƙanensa ne.

Su biyu ne maza wurin mahaifinsu, kuma shi ya koya musu fito. Tsohon yana da wata doka tasa ta kansa, wadda sauran masu jirgi suke yi wa dariya: ɗansa ba ya shiga jirgi sai da wuƙa a ƙugu, don yanke abin da ya sarƙe, da kuma igiya. Ba doguwa ba ce. Zagaye biyu ce a ƙugu, sai jela kamu biyu mai ƙulli uku da ke sauka ta baya. Hujjarsa ita ce, in kogi ya ɗauko jan ruwan damina, ko tafin hannunka ba ka gani a ciki, sai abin da yatsu suka laluba. Riga tana yagewa, gashi yana zamewa, hannun mai nutsewa kuwa in ya kama ka tare za ku tafi. Amma in ka laluba ka ji ƙulli uku, ka san naka ne, sai ka naɗe jelar sau biyu a wuyan hannu ka yi sama. Ya sa su yi ta gwadawa a kan juna tun suna yara, ido rufe, har hannunsu ya riƙa yi ba sai sun yi tunani ba. A duk faɗin kogin ƙugu uku ne ke da irin wannan igiya, da tsohon ya rasu suka koma biyu.

In ka ga Auta da yayansa ba ka ce ciki ɗaya suka fito ba. Mai Fito shiru-shiru ne, Auta kuwa bakinsa ba ya hutawa. Shi ke tsayawa a goshin jirgi yana tsara kaya da mutane, yana tsokanar tsofaffin mata wai sun fi buhunansu nauyi, yana yi wa jarirai gwalo har su daina kuka. Yana da wushirya, kuma ya san tana yi masa kyau. Shekararsa ashirin da biyu, matarsa na da ciki wata bakwai. Iyo kuwa, yayan nasa da kansa ya yarda Auta ya fi shi.

Ranar da abin ya faru tsakiyar damina ce, rana ta take. An kwana biyu ana ruwa a can sama, kogi ya cika ya batse, ya yi ja. Fasinja goma sha ɗaya suka shiga, da buhuna, da keke guda, cikinsu har da ɗan makarantar nan da zai kama mota a tsallake ya tafi jarrabawa. Mai Fito yana can baya riƙe da filafili, tulin buhuna ya tare masa gaba. Abin da ya iya hangowa na yaron kawai shi ne ya rungume akwatinsa, ya runtse ido, leɓensa na rawa. Ya ji Auta na yi masa wasa, ya ji mutane sun kwashe da dariya, bai dai ji abin da aka ce ba.

Sun wuce rabi ke nan wata ƙatuwar bishiya da ruwa ya tumɓuko ta taho ta ƙarƙashi, ba wanda ya gan ta sai da ta daki cikin jirgin. Kafin ka ce kwabo jirgi ya kife.

Sauran masu jirgi suka rugo daga gaɓa biyu suna tsintar mutane. Mai Fito ya ɗago ya duba kawuna, bai ga na Auta ba. Ya cika ƙirji ya nutsa. Ya laluba ya ji buhu, ya laluba ya ji reshe, numfashi na shirin ƙare masa sai yatsunsa suka faɗa kan igiya. Ƙulli ɗaya, biyu, uku. Ya naɗe ta sau biyu a wuyan hannu, ya damƙe, ya yi sama yana gode wa Allah a zuci.

Da suka ɓullo ya juyo da fuskar, sai ya ga ba Auta ba ne. Ɗan makarantar nan ne, ido ya kakkafe, ruwa na fita ta hancinsa.

To, ga maganar da bai taɓa faɗa ba. A wannan lokacin Mai Fito ya buɗe hannunsa. Ba gajiya ba ce, ba kuskure ba ne. Ya sake shi ne da gangan don ya koma ƙasa ya nemo ɗan'uwansa, ɗan mutane kuwa ya ji da kansa. Sai dai igiyar tana naɗe sau biyu kamar yadda tsoho ya koyar, nauyin yaron da ƙarfin ruwa suka ja ta, ta shaƙe wuyan hannun har ta ci nama. Ya yarfa, ta ƙi fita. Daga nan abin da ya iya tunawa shi ne ya ja yaron zuwa gaɓa yana kuka yana iyo, kuma kafin ya koma ruwa ya tafi da abin da zai tafi da shi. Mutum goma sha uku suka faɗa kogi ran nan, goma sha biyu suka fito. A rana ta uku aka sami Auta can ƙasa, a sarƙe cikin rassan bishiyar, ƙugunsa babu igiya.

Mai Fito ya san Auta ne ya ɗaura wa yaron, don ɗaurin na gidansu ne, ba mai iya shi a waje. Dalili ne bai sani ba, bai kuma so ya sani ba. Duk wanda ya fara ba shi labarin abin da ya faru a goshin jirgi, sai ya tashi ya bar masa wurin. Ya ji haushin Auta, ya ji haushin yaron, ya fi jin haushin kansa. Gari na cewa jarumi, shi kuwa ya san igiya ce ta yi jarunta, mai igiyar da so samu ne da ya bar ɗan mutane a ruwa.

Bayan wata biyu aka haifi 'yar marigayi. Da uwar ta sake aure ta yi nisa, yarinyar ta tashi a gidan Mai Fito tare da 'ya'yansa, ba ta san wani uba ba sai shi. Uwata yake kiranta, don tun tana ƙarama ta iya faɗa irin na mahaifiyarsu, har da riƙe ƙugu. Ta girma ta zama tela, tana da shago a bakin kasuwa, kuma har yau ita kaɗai ce in ta ce masa zauna yake zama.

Gudun nasa kuwa tun makon farko ya fara. Da mahaifin ɗan makarantar ya kawo shi yin godiya, Mai Fito ya ari jirgi ya ƙetare, bai dawo ba sai da aka ce sun tafi. Wasiƙu suka riƙa zuwa daga babbar makaranta, Hedimasta, wanda lokacin ƙaramin malami ne, ya riƙa karanta masa, shi kuwa ya ƙi a ba da amsa. Shekaru suka ja, aka fara jin sunan yaron a rediyo, yau injiniya, gobe ministan ayyuka. Shi ya sa aka gina gadar nan, daidai inda jirgin ya kife. Ranar buɗe ta an tanadar wa Mai Fito kujera a sahun gaba, har da sabuwar riga, aka neme shi sama da ƙasa, ashe tun da sassafe ya yi sama da kogi kamun kifi, sai da ya kwana uku. Da ya dawo ya tarar fasinjojinsa duk sun koma bin gada da ƙafa. Matarsa ta dube shi ta ce, "To, ka tsamo shi daga ruwa, shi ma ya tsamo ka daga ruwa. Kun yi canjaras."

Bai ji zafin gadar ba, ko da ta cinye masa sana'a. Shi ya san yawan gawar da aka tsamo a mashigin nan tun yana yaro, ya kuma san tun da aka yi gada ba a ƙara tsamo ko ɗaya ba. Ya kife jirginsa a inuwarta, ya kama tufka, yana jin 'yan makaranta na wucewa a guje ta samansa da tsakiyar damina, ba mai runtse ido.

Sai shekarar rikici ta zo, yau shekara goma ke nan, lokacin Mai Akwati yana Shugaba. Ƙasa ta ɗauko rabewa biyu, kowane ɓangare ya ja daga, 'yan'uwan jiya suka koma kallon juna da ido ɗaya. Ɗan farin Uwata, wanda kowa ke kira Soja, bai cika wata shida da shiga aikin soja ba, shekararsa goma sha tara. Wata safiya motocin sojoji suka yi jerin gwano ta kan gada, Mai Fito ya ɗaga kai ya ga jikan nasa a bayan wata yana ɗago masa hannu yana dariya. Wushiryar Auta ce sak. Tsohon ya zauna a ƙasa. Uwata ta rufe keken ɗinkinta da zane, ta dawo ƙarƙashin gada da rediyo, su biyu suka riƙa wuni suna saurare.

Kowa ya san manyan da ke kewaye da Shugaban sun matsa masa ya ba da umarni a buɗe wuta, mai gilashin nan ne ma a kan gaba. Shi kuwa sai ya shiga mota ɗaya ba tare da masu gadi ba, ya ƙetara wajen ɗaya ɓangaren, ya zauna da su kwana tara. An kira shi matsoraci, an kira shi mayaudari, har a bakin kogin nan akwai waɗanda suka tofar da yawu. A rana ta goma aka sa hannu, ba a harba harsashi ko ɗaya ba. Motocin suka dawo ta kan gadar da suka bi, Soja ya diro ba abin da ya same shi sai kanta a ƙafa da yunwa.

Ran nan Mai Fito ya koma bayan kwalekwalensa inda ba mai ganinsa, ya riƙe wuyan hannunsa, ya yi wa Allah godiyar da bai taɓa yi ba a kan ranar da jirgi ya kife. Ya gode da igiyar ta ƙi fita. Ya gode da dokar tsoho da aka yi ta yi wa dariya. Amma godiyar sai ta ƙara masa kunya, don jikan Auta ya dawo da rai ne ta hannun mutumin da shi ya yi niyyar bari a ruwa.

A makon jiya saƙo ya zo ta wayar Uwata. Tsohon Shugaban, wanda ya daɗe da sauka ya koma gonarsa, zai zo ranar Alhamis da safe, ba taro, ba 'yan jarida. Mai Fito ya ji saƙon. Ranar Laraba ya fara gyara ƙugiyoyinsa. Alhamis da sassafe ya je ɗaukar filafilin ƙaramin jirginsa a bayan ƙofa, ya tarar wayam.

"Uwata, ina filafilina?"

"Yana shagona, Baba, na kulle. Makullin kuma yana wajen Soja, Soja kuma yana wajen aiki."

"Kifi zan je kamawa."

"Kifin shekara arba'in da takwas bai ishe ka ba? Mutumin nan ya dawo mini da ɗana. In kai ba ka son godiyarsa, ni ina son in yi masa tawa, kuma ba zan yi ta a gaban kwalekwale ba kowa a kai ba. Ga rigarka nan na goge."

Ya sa rigar. Komai nisan jifa, ƙasa zai faɗo.

Da hantsi mota ɗaya ta tsaya a bakin gada. Wani dattijo ya fito da sanda, ya hana direba riƙe shi, ya gangaro a hankali yana taka duwatsun ɗaya bayan ɗaya. Ya rame, kansa ya yi fari fat, amma dogon wuyan yana nan. Hedimasta, wanda tun asuba ya kafa kujerarsa ya kuma haddace jawabi, ya miƙe ya buɗe baki, jawabin ya gudu ya bar shi. Baƙon ya gaisa da kowa, sannan ya zo ya zauna a kan kifaffen kwalekwalen, kafaɗa da kafaɗa da mai shi.

"Sannu, Yaya," in ji shi.

Mai Fito ya ji kalmar har cikin ƙashinsa. Rabon da wani ya kira shi haka tun ranar nan.

"Ranka ya daɗe, sannu da zuwa."

"Na sha wuyar kama ka. Na kama 'yan tawaye da baki, kai ka gagare ni."

Uwata ta durƙusa ta yi godiyarta, ta faɗi sunan ɗanta da rundunarsu. Da ta yunƙura za ta ba su wuri, Mai Fito ya ce, "Zauna, Uwata. Ke ma ki ji. Kai ma Hedimasta, tunda kai ne mai tarihi." Ya naɗe hannun rigarsa, ya miƙa tabon a fili. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

"Ranka ya daɗe, godiyar da kake bi na da ita ba tawa ba ce. Ba kai na shiga nema ba, ƙanena na shiga nema. Da na ga fuskarka na buɗe hannu na sake ka. Igiyar ce ta ƙi sakinka. Abin da ya hana ni tsayawa a gabanka ke nan."

Wata babbar mota ta wuce ta sama, gada ta yi rugugi ta lafa. Uwata ta sunkuyar da kai. Baƙon bai nuna mamaki ba ko kaɗan.

"Na sani," in ji shi. "Idona a kafe yake, amma ina ji. Na ji ka kira sunan wani, na ji ka buɗe hannu, na ji kana yarfawa." Ya nuna ƙugun Mai Fito da sandarsa. "Waccan wuƙar ce a jikinka ran nan?"

"Ita ce."

"Tana yanka igiya?"

"Aikinta ke nan."

"To, me ya hana ka yankewa?"

Mai Fito ya ce, "Ban tuna da ita ba."

"Ka tuna, Yaya. Cikina yana manne da ƙugunka. Na ji hannunka na hagu ya tafi kanta, ya kama ƙotar, ya tsaya. Na ce shi ke nan, tawa ta ƙare. Sai hannun ya dawo ya tallafe haɓata. Kai ka riƙe na farkon kana ta azabtar da kanka, ni kuwa na biyun na riƙe, da shi na rayu. Ran da aka ajiye takardar yaƙi a gabana, na ɗauki alƙalami, har na cire murfinsa. Ba zan yi maka ƙarya ba, na yi niyya. Sai na tuna akwai wanda ya taɓa kama ƙotar wuƙa a kaina, yana da hujjar da ta fi tawa, ya fasa."

Mai Fito ya kai hannun hagu kan ƙotar ƙahon, kamar yau ya fara ganinta. Sai abin ya dawo masa, ba a kai ba, a tafin hannun: sanyin ƙotar a cikin ruwa, da yadda yatsunsa suka saki, da ƙashin haɓar yaro a cikin tafinsa. Shekara arba'in da takwas yana yanka igiya da wuƙar nan kullum, bai taɓa tambayar kansa ba.

Baƙon ya sa hannu a aljihu ya fito da wani ƙullin hankici, ya kwance. Tsohuwar igiya ce, ta yi baƙi, ta yi laushi.

"Ka san abin da ya ce da zai ɗaura mini? Ya ga ina karkarwa, ya kwance ta daga ƙugunsa yana dariya. Ya ce, 'Ɗan makaranta, kwantar da hankalinka. Duk wanda ke da wannan a ƙugu, Yayana ba ya barinsa a ruwa. Ni kifi ne, ba na bukata.' Shi ya sa na kira ka Yaya. Da sunan aka haɗa ni da kai. Na zo ne in gaya maka bai yi ƙarya ba."

Mai Fito ya karɓa. Ya rufe ido kamar yadda tsoho ya koya musu, ya bi jelar da yatsu. Ɗaya, biyu, uku. Hawaye suka gangaro ta cikin furfurar gemunsa, bai share ba, bai kuma ji kunyar kowa ba. Ya ji kewar Auta sabuwa fil, ya kuma ji wani sauƙi a ƙirjinsa wanda ya mance akwai irinsa.

"Na gode," in ji shi. Shi da aka zo yi wa godiya.

Ya juya ya miƙa wa Uwata igiyar. "Ta ubanki ce. Kin ji irin bakinsa. Haka yake, ba ya iya ganin mutum cikin tsoro ya ƙyale."

Ta karɓa da hannu biyu, ta daɗe tana kallonta. Sannan ta share ido da bakin mayafi ta ce, "Baba, da ka faɗa mini tun tuni, ai da na gaya maka ba ka da laifi, ka huta da kamun kifin ƙarya."

Baƙon ya wuni tare da su. Ya gwada tufka ya kasa, Mai Fito ya ce masa gara da ya tsaya a mulki. Da rana ta yi sanyi ya hau motarsa ya bi ta kan gada ya tafi.

Washegari da yamma sai ga Hedimasta da kujerarsa, bakinsa ya dawo, ya kwana yana shirya sabon darasi.

"Yanzu ka duba abin nan da kyau," in ji shi. "Ashe tarihin ma ba a hannun dama yake ba, a na hagu yake. Da a ce ran nan ka yanke igiyar nan..."

"Ban yanke ba," in ji Mai Fito.

Ya maƙale bakin sabuwar igiya a yatsan ƙafarsa ya ci gaba da tufka, hannun rigarsa a naɗe har gwiwar hannu.